Kafin ka sayi injin huda kankare, ka duba mariƙinsa

Mai aikin wayarin ko famfo idan ya shiga Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa a Kano neman injin huda kankare, tambayoyinsa biyu ne galibi: wat nawa ne, kuma nawa za a bari. Ina so a ƙara ta uku: wace irin jijjiga yake kai wa hannu? Jijjiga tana lalata jijiyoyi da ƙananan hanyoyin jini na yatsu a hankali. Tana farawa da sagewa bayan an tashi aiki, daga baya kan yatsu ya riƙa koɗewa da sanyin safiya, har ta kai ɗaukar ƙaramin ƙusa ya gagari mutum. Tun 1918 Dakta Alice Hamilton ta ga wannan ciwo a hannun masu sassaƙar dutse a jihar Indiyana ta Amurka. Idan ya yi nisa ba ya warkewa.

A littafin da ke zuwa da injin kirki akwai lambar jijjiga, ana rubuta ta da m/s². Dokar Tarayyar Turai ta 2002 ta ce idan matsakaicin jijjigar awa 8 ya kai 2.5 dole a ɗauki mataki, kuma kada ya wuce 5. Lissafin yana da tsauri: idan lambar ta ninka, lokacin da za ka iya riƙe injin yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Inji mai lamba 10 zai kai ka iyakar ƙarshe a awa 2, mai lamba 20 kuwa a minti 30 kacal. Lokacin da yatsanka ke kan kunama ake ƙirgawa, ban da na hutu da awo. Ka ga ke nan inji biyu masu kama da juna a kanta, ɗaya zai bar ka ka yi aikin wuni, ɗaya kuwa kafin hantsi ya cinye maka rabonka.

Injinan huda kankare iri uku ne. Mafi arha shi ne ƙaramin injin huda na gama-gari mai makunnin duka. Faifai biyu masu haƙora ne ke gogar juna a cikinsa, don haka sai ka danna da ƙarfi kafin ya ci, dannawar kuma ita ke shigar da jijjigar cikin ƙashi. Ya isa rataya labule a bangon bulo. Ga mai sana'a kuwa, ban ba da shawararsa ba.

Na biyu shi ne mai baki irin na SDS, wato bakin da ake turawa ya kama da kansa ba sai an ɗaure shi da makulli ba. Fistin ne ke tura iska ta bugi bakin, injin da kansa yake dukan, kai saiti kawai kake yi. A nan ne ya kamata ka tsaya ka duba mariƙin baya da kyau. Wasu an zuba shi haɗe da jikin injin, an lulluɓe shi da roba mai laushi. Robar tana hana santsi idan hannu ya yi gumi, amma jijjigar da take tarewa kaɗan ce. Wasu kuma an raba mariƙin da jiki, an sa sifirin ko roba mai kauri a tsakani. Gane su ba wuya: kafa bakin injin a ƙasa ka danna mariƙin, idan ya lotsa kaɗan ya dawo, to shi ne. Ga mai huda ramuka kullum, nan zan sa kuɗina.

Na uku su ne manya masu bakin SDS-max, wato SDS mai kauri, na fasa dakali da sarar ginshiƙi. Masu kyau a cikinsu suna da wani ƙarfe a ciki da ke motsi saɓanin fistin, yana kashe jijjigar tun daga tushe. Makita na kiran tsarinta AVT, Hilti kuma AVR. Suna da tsada da nauyi, sai wanda fasa kankare ne abincinsa.

Kada ka karɓi inji babu mariƙin gefe, ko da an rage maka kuɗi. Ranar da baki ya caki rodi a cikin kankare, injin zai murɗe, hannu ɗaya kuwa ba zai tare shi ba. Ka tambaya ko yana da kulocin da ke sakin baki idan ya maƙale. Kaurin mariƙi kuma ya zama yatsunka sun zagaye shi ba tare da ka matse ba, domin matsewa tana ƙara shigar jijjiga.

Idan na hannu za ka saya, lambar littafi ba ta ƙara aiki a kansa, domin sifirin yana saki, roba tana bushewa ta tsattsage. Sa a tayar da shi a gabanka a kan guntun kankare, ka riƙe da kanka na minti ɗaya. Safar hannu da ake cewa tana hana jijjiga ba ta tare yawancin dukan irin wannan inji, amfaninta shi ne ɗumama yatsu lokacin hunturu. Kuɗinta gara ka ƙara ka sayi sababbin bakuna, tunda dakusasshen baki yana tsawaita kowane rami, ya kuma sa ka danna fiye da kima.