Puyo Puyo Tsu a kan Mega Drive: sati uku ina shan kaye

Kaset ɗin na same shi ne cikin kwalin tsohuwar Sega Mega Drive da na saya na hannu, rubutun jikinsa duk Japananci. Na ɗauka irin Tetris ne, zan taɓa na minti goma in ajiye. Yau sati uku ke nan ban cire shi ba.

Kamfanin Compile na birnin Hiroshima ne ya yi shi a 1994, shi ne na biyu bayan Puyo Puyo na farko da ya fito a 1991. Waɗannan ƙananan halittu masu ido da ke faɗowa bibbiyu ba don wannan wasa aka ƙirƙire su ba. Abokan gaba ne marasa ƙarfi a Madou Monogatari, wasan labari da yaƙi na kamfanin, inda wata yarinya mai koyon sihiri, Arle, ke yawo cikin kurkuku. Ita ce kake riƙewa a nan ma, tare da ɗan dabbarta rawaya, Carbuncle. Babban abokin hamayya kuwa sunansa Satan, amma kada sunan ya firgita ka, wani sakarai ne da ba shi da buri sai auren Arle.

Dokar ba wuya: fili mai layi 6 a tsaye, hawa 12, ka haɗa huɗu masu launi ɗaya su fashe. Gwanintar tana wajen jera su yadda fashewar farko za ta jawo ta biyu, ta biyu ta jawo ta uku, abin da ake kira sarƙa. Daga fashewa ta biyu Arle na kiran sunan wani sihirinta na wancan wasan, har ta kai ga "Bayoen", kai kuma kana kallon tarkace na zubo wa abokin karawarka.

Abin da ya riƙe ni shi ne ramuwa. A Puyo Puyo na farko, wanda ya riga harbawa ya gama da kai. A wannan, in ka ga tarkace sun taru a samanka, kana iya tayar da taka sarƙar ta cinye su, in ta fi tasa tsawo ma ragowar ta koma kansa. Ni da ƙanena mun kai ƙarfe ɗaya na dare kan wannan, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara, ba mai son ya nuna hannunsa.

Inda na ƙi shi: wasan mutum ɗaya ba ya koya maka komai. Hawa ake yi na hasumiya, sai ka tara maki kafin ka wuce bene, kuma daga tsakiya gudun faɗowar ya fi ƙarfin sabon shiga. Muryoyin ma suna fita a dishe. Har yanzu sarƙata ba ta wuce biyar ba, ƙanen nawa ya kai bakwai jiya, ya kuma ƙi nuna mini yadda ya jera.