Quartz 5000, 7000 ko 9000: wanne baƙin mai ya dace da mai ƙaramin ƙarfi?

A yawancin garejojinmu, idan mota ta shiga juye, wato canjin baƙin mai, 20W-50 ake zuba mata, ko Golf 3 ce ko Corolla. Hujjar ɗaya ce: ƙasarmu da zafi, sai mai kauri. Amma injin mai lafiya yana aiki ne a kusan digiri 90, ko a Jos yake ko a Maiduguri, domin fanka da ruwan lagireto ne ke riƙe masa zafinsa. Abin da ya kamata a bi shi ne lambar da ke littafin motar, wani lokacin ma tana rubuce a kan murfin da ake zuba man.

A lamba irin 20W-50, ta farkon da ke haɗe da W tana nuna yadda man ke gudu idan injin ya kwana ya huce. Ta biyun kuma kaurinsa ne a digiri 100.

Quartz 5000 na TotalEnergies, 20W-50, shi ne mafi araha a cikin ukun, kuma mai ne na gaskiya a inda ya dace: Peugeot 504, tsohuwar Golf, ko injin da ringinsa ya ci har yana shan mai yana hayaƙi. Kaurinsa yana cike giɓin da lalacewa ta bari. Inda ba mu yarda da shi ba shi ne injin VVT-i, irin na Corolla 2003 zuwa 2008, wadda Toyota ta rubuta wa 5W-30. Wannan injin da ƙarfin mai yake sarrafa lokacin buɗewar bawul, ta wasu ƙananan hanyoyi masu 'yar raga. Da safiyar hunturu mai kauri yana jinkirin isa saman injin, sai ka ji ƙarar kaca-kaca na 'yan daƙiƙoƙi bayan an tayar. A daƙiƙoƙin nan ƙarfe ke gugar ƙarfe. Ga ƙarin shan fetur, wanda a yanzu ba ƙaramin abu ba ne.

Quartz 9000, 5W-40, ya fi tsada sosai, amma yana isa ko'ina da wuri, yana kuma jure zafin cunkoso ba tare da ya daskare ya zama kwalta a ƙarƙashin murfin injin ba. Na 7000, 10W-40, shi ne tsaka-tsaki, kuma shi muke ganin ya fi dacewa da 'yar Kwatano da ta haura kilomita 200,000 idan aljihu bai kai ga 9000 ba. Honda Accord 2003 zuwa 2007 kuwa 5W-20 take so. A nemo mata shi ko 5W-30. Mai silinda huɗu tana cin lita 4.2 har da fita (matatar mai), saboda haka galan mai lita 4 ba zai cika ta ba. A sayi mai lita 5, ragowar ta zama ta ciko.

A lissafa kuɗi da kilomita, ba da galan ba. Da ƙurarmu, 5000 bai kamata ya wuce kilomita 5,000 ba, 9000 kuwa zai kai 8,000 idan fitar iska tana da tsabta. Motar da ba ta yawan fita, a yi mata juye duk wata shida.

Babban haɗarin shi ne jabu. Ana tara galan-galan da aka zubar a cika su da tsohon mai da aka tace. A saya a gidan mai ko wurin dila, a duba zoben murfin ko an taɓa ɓalle shi, a duba lambar da aka buga a jikin robar, a ga alamar API mai nuna matakin ingancin man: SL ko sama da haka, kamar SM, SN ko SP. Man durom da ake aunawa da kwalba a bakin titi, ba wanda zai iya faɗa maka lambarsa. Bayan juye, a huda galan ɗin da wuƙa kafin a bar shi.

Kada a tsuke hannu a kan fita. Fita mai arha ba ta riƙe mai idan an kashe mota, sai ya koma ƙasa, kowace safiya injin ya tashi a bushe. Bayan an zuba, a tayar na minti biyu, a kashe, a jira minti biyar a wuri mai daidaito, sannan a zaro geji a goge a mayar. Man ya tsaya tsakanin alamomi biyun da ke jikin gejin. Idan ya haura ta sama a rage, don yawansa yana kawo kumfa, yana kuma sa sil ya fara yoyo.