Rangadin yini guda da jagora a Cochem: kuɗina ya biya, amma da sauran gyara

Ta intanet na biya wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido kuɗin rangadin yini guda a Cochem, garin nan na bakin kogin Mosel a jihar Rhineland-Palatinate ta Jamus, wanda mazaunansa ba su wuce dubu biyar da 'yan kai ba. Abin da suka yi alkawari shi ne zagayen tsohon gari da ƙafa, hawa zuwa fadar Reichsburg, ziyarar maɓoyar kuɗi da ke tsallaken kogi, sai ɗanɗana amfanin gonar yankin da yamma. Ni da kawuna muka je, don ya zo mini ziyara kuma mutum ne mai son tarihi. Hukuncina tun daga farko shi ne jagorar da aka haɗa mu da ita ta cancanci kowane kwabo, tsarin kamfanin ne ke da raunin da zan faɗa a gaba.

Dattijuwa ce, haifaffiyar kwarin. Abin da ya fara burge ni shi ne ba ta tare mu da jerin shekaru ba. Kan gadar da aka gina a 1927 ta kai mu, ta ce kowa ya juya ya kalli ƙasa tukuna. Bayan gari tsaunukan Eifel ne, tsallaken ruwa kuma na Hunsrück, kogin ya ratsa tsakaninsu yana ta lanƙwasa. Daga tsaunukan Vosges na Faransa ya taso, ya yi tafiyar kilomita sama da 500, kafin ya zuba a Rhine a birnin Koblenz. Fili kaɗan ne tsakanin ruwa da dutse, shi ya sa lungunan garin suke a matse, gidaje suna hawa kan juna. Shi ya sa kuma ambaliya ta zame musu baƙuwar kullum. Da muka sauko ta nuna mana alamun da aka yi a jikin bango na inda ruwa ya kai a shekaru daban-daban, na Disambar 1993 sai da muka ɗaga kai.

Daga nan ne komai ya riƙa faɗawa wurinsa da kansa. Dutsen kwarin baƙi ne mai falle-falle, yana shan zafin rana ya riƙe har dare, don haka inabi ke yi a gangaren da tsayuwa ma wahala ce. Da shi aka rufe gidajen garin, abin da ya ba su launin toka-toka idan ka hango daga sama. Ta ce a can Bremm, ɗan gaba kaɗan, gangaren Calmont na cikin gonakin inabi mafi miƙewa a Turai, kuma har yau da hannu ake yawancin aikin. Shi kuwa tudun fadar, mita kamar 100 ya ɗara kogin, yana tsaye shi kaɗai. Duk wanda ya riƙe shi yana ganin kowane kwale-kwale, kuma shi ke karɓar kuɗin fito. Kawu ya jinjina kai ya ce, «Ashe dai kamar Dala da Kano ne, dutsen ya riga garin.» Na fassara mata, ta ji daɗi ƙwarai.

Tarihin fadar ta ba da shi ne muna hawa, a gutsure, duk inda muka tsaya hutu. An fara ganin sunan garin a rubuce tun ƙarni na 9. A 1151 Sarki Konrad na Uku ya ƙwace fadar ya mayar da ita ƙarƙashin gadon sarautar daula kai tsaye. A 1294 Sarki Adolf na Nassau, da kuɗi suka yi masa wuya, ya jinginar da ita ga babban limamin coci na Trier, kuma ba a taɓa fanso ta ba, haka garin ya zauna a hannun Trier har Faransawa suka mamaye yankin a 1794. A 1332 ya samu matsayin birni aka kewaye shi da ganuwa, ƙofar Enderttor ta wancan zamani tana nan muka bi ta cikinta. Sai 1689, sojojin Sarki Louis na 14 na Faransa suka cinna wa fadar wuta suka tarwatsa ta da albarushi, suka kuma ƙone garin. Kusan shekara 180 ta yi tana kufai.

A nan ne matar ta saye ni gaba ɗaya. Muna gaban ƙofa, jama'a sai ɗaukar hoto suke, ta ce mu saurara da kyau: abin da muke kallo mafi yawansa ba ginin zamanin jarumai masu sulke ba ne. Wani attajirin Berlin mai cinikin ƙarfe, Louis Ravené, shi ya sayi kufan a 1868, aka sake gina shi a shekarun 1870 bisa yadda mutanen ƙarni na 19 ke mafarkin zamanin da, ya zama gidan hutun bazara na iyalinsa. Ta nuna mana abin da ya tsira na asali, gindin babbar hasumiya da wata ƙaramar hasumiya zagayayya, ta sa muka lura da bambancin dutse da ɗauri. Da ta so, da ta bar mu da ruɗin, ba wanda zai kama ta, kuma ruɗin ya fi sayuwa. Ni a wurina wannan gaskiyar ce ta ƙara wa wurin daraja, domin ta mayar da shi labarin mutane biyu: waɗanda suka rusa da wanda ya zuba dukiyarsa ya tayar. Tun 1978 hukumar garin ce ke mallakar fadar.

Cikin fadar ba a shiga sai da ma'aikacinta, zagayen bai kai awa ɗaya ba. Akwai zauren cin abinci, zauren jarumai, sulke, kujerun katako masu sassaƙa, rijiya mai zurfi a tsakar gida. Suna da kyau, amma barandar da ke kallon kogi ta fi su duka. Daga can jagorarmu ta nuna mana inda layin dogo ke shigewa cikin dutse. Ramin Kaiser Wilhelm ke nan, mai tsawon mita 4,205, wanda aka kammala a 1877. Ya yanke doguwar lanƙwasar da kogin ke yi tsakanin Cochem da Eller, kuma ya haura shekara 100 babu ramin jirgin ƙasa da ya kai shi tsawo a Jamus. Idan ka ga lanƙwasar da idonka daga sama, ba sai an faɗa maka dalilin fasa dutsen ba.

Maɓoyar kuɗin tana unguwar Cond, kuma ita ce ban yi tsammanin za ta taɓa ni ba. A ƙarƙashin wasu gidaje da ba ka bambanta su da na maƙwabta, Babban Bankin Jamus ya haƙa rami mai zurfin kusan mita 30 tsakanin 1962 da 1964. A ciki ya ɓoye takardun kuɗi na ko-ta-kwana har mark biliyan 15 (kuɗin Jamus na lokacin), masu zane dabam da waɗanda ke hannun jama'a. Fargabar ita ce a zamanin yaƙin cacar baka maƙiya su cika ƙasar da jabu, to sai a janye tsofaffin a fito da waɗannan cikin gaggawa. Matsewar kwarin na cikin abin da ya sa aka zaɓi wurin. A 1988 aka lalata kuɗin, tun 2016 kuma wurin ya zama gidan tarihi. Akwai sanyi a ƙasa ko da rani, ku tafi da rigar sanyi.

Yanzu ga inda kamfanin ya gaza. Shafinsu bai ce komai ba game da hawan, alhali hanya ce mai gangara ta duwatsun daɓe, kuma minti kaɗan suka ware mata. Kawu yana fama da gwiwa. A tsakiyar hanya na ce, «Kawu, ko mu koma?» Ya ce, «A'a ɗana, mun riga mun zo.» Sai a sama muka ga ashe akwai ƙaramar bas da ke kai mutane kusa da ƙofa a lokacin baƙi. Layi ɗaya a takardar rajista da ya hutar da dattijo daga wannan wahalar, kuma abin ya ɓata mini rai matuƙa.

Na biyu, abin da suka kira ɗanɗana amfanin gona, giyar inabi ce kusan duka, an kuma saka kuɗinta cikin farashi ba tare da zaɓi ba. Jagorar ce ta shiga tsakani aka kawo mana ruwan inabi zalla da kayan shafa burodi na jan fic, wani ɗan itace da ake shukawa a gonakin inabin, mai ɗan tsami da ƙamshi. Musulmi ya lura da mustad ɗin da garin ya yi suna a kai (wani kayan ɗanɗano ne mai yaji da ake ci da abinci), domin wasu nau'o'insa da giya ake haɗa su, a tambaya kafin a kai baki.

Na uku ya fi nauyi. A 1944 'yan Nazi sun kafa sansanin fursunoni a ƙauyukan Bruttig da Treis, nan kusa da Cochem, reshen sansanin Natzweiler. Sun tilasta wa mutane aikin mayar da wani ramin jirgin ƙasa masana'antar kayan yaƙi, kuma da yawa a can suka mutu. Babu wannan a tsarin rangadin ko da kalma ɗaya. Sai da na tambaya, matar ta tsaya ta yi bayani a natse, kuma na ga ta san shi ciki da waje. Kamfanin da ke sayar da tarihin gari bai kamata ya bar wannan ga sa'ar mai tambaya ba.

Wanda ke zaune a Bonn ko Köln zai iya zuwa ya dawo a yini: jirgi zuwa Koblenz, a sauya zuwa layin Trier, daga Koblenz ƙasa da awa ɗaya an iso. A guji ƙarshen mako a lokacin girbin inabi, lungunan ba sa ɗaukar taron. Kafin a biya, a rubuta wa kamfanin da aka zaɓa a tambayi batun bas da abin sha, a kuma nemi jagora ɗan yankin. Ni na aika wa namu kamfanin waɗannan ƙorafe-ƙorafe uku a rubuce, tare da yabon matar da ta jagorance mu.