PSPO ko CSPO: wace shaida za ka saya in kana son aikin furodak manaja a manhajar lafiya?

Kusan kullum sai wani ya turo min wannan tambayar a WhatsApp, musamman yaranmu da suka gama BUK suna hangen aiki a wurare irin eHealth Africa a nan Kano. To ga abin da na gani.

Ni dai PSPO I nake so, wato matakin farko na shaidar Professional Scrum Product Owner, ba na ɓoyewa. Ta Scrum.org ce, wadda Ken Schwaber ya kafa a 2009, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka tsara sikiram (Scrum) ɗin kansa, wato tsarin da masu gina manhaja ke bi suna raba aiki zuwa gajerun zanguna. Dala 200, tambaya 80 cikin minti 60, sai ka ci kashi 85 kafin su ba ka, ba dole sai ka shiga aji ba, kuma in ka samu ka samu kenan, ba ta ƙarewa. Ka sauke Scrum Guide na 2020 kyauta, ɗan ƙarami ne, ka karanta shi har ya zauna maka. Abin da ya sa nake sonta shi ne tana matsa maka ka gane jera aiki, wanne ne gaba wanne ne baya, kuma a asibiti nan ake gumi, likita yana son allonsa, mai ɗakin kati yana son a daina ɓatar masa da fayil, mai famasi na kukan lissafin magani, kai kuma sati biyu kawai gare ka a zangon aikin.

CSPO, wato Certified Scrum Product Owner ta ƙungiyar Scrum Alliance? Aji na kwana biyu, ba jarrabawa, ta fi tsada, kuma duk shekara 2 sai ka sabunta da kuɗi. Akwai kuma wata shaidar, PMI-ACP, ita ta waɗanda suka riga suka daɗe a aiki ce, bar ta tukuna.

Amma ɗan'uwa, inda nake so ka buɗe ido shi ne 'yan damfara. Ni an ci kuɗina. Wata cibiya a gari ta yi mana aji na kwana uku, aka ba mu takarda mai tambari mai ƙyalli, ranar intabiyu aka nemi sunana a shafin masu shaidar, babu shi, wallahi har yau abin yana min ciwo. Shaidar gaske ana iya duba ta a intanet, ta Scrum.org har bajin Credly, shafin tantance shaidu, take zuwa da shi. Duk wanda ya ce turo kuɗi asusunsa zai biya maka, ko zai zauna maka jarrabawa, ko yana da tambayoyin da za su fito, gudu. Ka biya da kanka a shafinsu, da imel ɗinka, ka fara tabbatarwa katinka yana biyan dala.

Sannan babu ɗaya cikinsu da za ta koya maka DHIS2, manhajar tattara bayanan kiwon lafiya, ko dokar kare bayanan mutane ta 2023 da ta shafi bayanan marasa lafiya. Wannan sai ka nemi izini ka zauna a ɗakin kati ranar Litinin da safe, ka ga yadda layi yake tafiya idan netwok ya ɗauke.