Miyau ko jini: wanne ya fi wajen neman alamun sankarar baki?

Masu bincike na auna sinadaran jan ƙarfe, zinki da ayon (sinadarin ƙarfe da ke cikin jini) a jikin masu sankarar baki, domin sau da yawa jan ƙarfe kan hau, zinki kuma ya sauka. A ina ya fi dacewa a auna su?

Miyau ba ya buƙatar allura, kuma kullum yana wanke wurin da ciwon yake. Sai dai saurin gurɓata gare shi. Shi ya sa kafin gwaji mutum zai daina ci, sha da taba na akalla awa 1, ya kuskure baki da ruwa, ya ɗan dakata, sannan ya bar miyau ya zubo da kansa cikin kwalbar roba na kamar minti 5. Idan dasashi na zubar da jini, adadin ayon zai hau, a ruɗi mai gwaji. Yawan miyan ma kan sauya tsakanin safe da yamma.

Jini ya fi tsayayyen ma'auni, amma labarin jiki duka yake bayarwa: juna biyu ko kumburi a wani wuri na ɗaga jan ƙarfe. Murfin roba mai taushi na wasu kwalaben ɗibar jini kuma kan saka zinki a samfurin.

Dukansu ba sa tabbatar da cutar. Gyambon baki da ya wuce mako 2 bai warke ba, likita zai yanko ɗan nama a duba.