Akwatin silaid na jijiyoyi: abin da na gani bayan zango guda

Shekara shida ina koyar da sassan jikin ɗan Adam a wata makarantar koyon aikin lafiya, kuma duk sanda muka iso darasin jijiyoyi sai dai in zana niyuron, wato ƙwayar jijiya, a allo: kai, rassa, doguwar jela. Ɗalibai su kwafa, su haddace, su manta. Bana na gaji, na zura hannu a aljihu na sayo akwatin katako mai silaid 12, wato 'yan gilasai masu ɗauke da siraran yankan nama don dubawa a maikiroskof, a wani shagon kayan ɗakin gwaji da ke Sabon Gari a Kano.

Silaid ɗin laka, jijiyar nan da ke cikin ƙashin baya, shi kaɗai ya mayar mini da kuɗina. An yanka ta a gicciye, tun a ƙaramin gilashin maikiroskof za ka ga sashen nan mai kalar toka a tsakiya kamar malam-buɗe-littafi, farin sashe ya kewaye shi. Da ka juya zuwa gilashi mai lamba 40 ka nufi fikafikan gaba, sai ga manyan niyuron masu bai wa tsoka umarni, kowanne da cibiyarsa fayau da ɗigo guda a ciki kamar idon kifi, ga burbushin Nissl a warwatse, inda ƙwayar ke haɗa furotin. Na ce wa ɗalibai: waɗannan ne cutar shan inna ke kashewa, shi ya sa ƙafa ke shanyewa alhali yaron yana jin taɓi. Ajin ya yi tsit. Wata ɗaliba da ƙaninta ke rarrafe ta ƙi barin maikiroskof ɗin har aka tashi.

Na ƙwaƙwalwar ƙeya ma ba laifi. Ƙwayoyin Purkinje, waɗanda wani masani ɗan ƙasar Cek ya bayyana a 1837, sun jeru sahu guda kamar tuluna a bakin rijiya, ƙarƙashinsu ƙananan ƙwayoyi cunkus kamar an zubar da gero. Sai dai rassansu ba su fito ba, domin rinin H da E, wato rinin nama na yau da kullum, aka yi amfani da shi. Rinin azurfa na Golgi, masani ɗan Italiya, wanda ya ƙirƙiro a 1873 kuma ya kai shi da takwaransa Cajal ɗan Sifen ga kyautar Nobel a 1906, shi ke fito da su kamar itacen kuka. Akwai silaid guda da aka rubuta wa azurfa, amma rinin ya yi yawa, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

Inda akwatin ya gaza shi ne giliya, ƙwayoyin da ke yi wa niyuron hidima. Ire-irensu, astirosait, oligodendirosait, maikirogiliya, duk sai ƙananan ɗige-ɗige. Ni kaina malamin ba zan rantse wanne ne wanne ba. Ƙwayoyin Schwann, masu naɗe zaren jijiya, sun ɗan fi, a silaid ɗin jijiyar gaɓa: akson, wato jelar niyuron, a tsakiya, farin zobe kewaye da shi inda kitsen mayelin mai lulluɓe shi yake kafin sinadaran gyaran nama su narkar da shi. A nan na kawo zancen kuturta, tunda ƙwayar cutar cikin ƙwayoyin Schwann take shiga, hannu ya daina jin zafin wuta.

Biyu sun zo da kumfar iska ƙarƙashin murfi, ɗaya an manna masa sunan da ba nasa ba. Na koma shagon, mai shi ya ce, "Malam, ai haka suka zo a kwali." Ya canza mini guda, sauran ya ce sai sabon kaya ya iso. Wata uku ke nan.

Zan sake saye, amma a ranar, da maikiroskof zan tafi a bayan babur, in duba su ɗaya bayan ɗaya kafin in ƙirga kuɗi.