Shan Inna: Allurar Salk ko Ɗigon Sabin?

Rigakafin shan inna na Jonas Salk, wani masanin kimiyya na Amurka, allura ce ta ƙwayar cuta da aka kashe. An gwada shi a Amurka a 1954. Ba ya jawo cutar, sai dai tsada, kuma sai ma'aikacin lafiya ne ke iya yin allurar.

Rigakafin Albert Sabin kuwa (shi ma masanin kimiyya ne na Amurka), wanda aka gwada kan miliyoyin mutane a Tarayyar Sobiyet a 1959, ɗigo biyu ne a baki, na ƙwaya mai rai da aka raunana. Ga araha, ga sauƙin bi gida-gida. Yana kuma tsare hanji, inda cutar ke hayayyafa, ya datse yaɗuwarta; a ganina nan ya sha gaban allurar. Aibinsa, inda yara da yawa ba su samu rigakafi ba, ƙwayar da ke cikin ɗigon na iya rikiɗewa har ta shanye ƙafa. Najeriya yanzu tana amfani da duka biyun.